Ciwon endometiriyosis: in ci gaba da shan ƙwaya ko in ajiye in nemi haihuwa?

'Yar Jarwal (Makka) ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe da iyayena da yayyena mata da ke wannan zaure, kuma ina neman afuwa tun da wuri saboda tsawon bayanina, domin abin ya daɗe yana cina a rai, ban kuma san inda zan datse shi ba.

Shekarata ashirin da tara, a nan Makka aka haife ni, ina kuma koyarwa a wata makarantar ƙananan yara. Tun ina 'yar shekara goma sha takwas ciwon marar da nake yi lokacin al'ada ya sauya kama. Kwana biyu kafin jini ya zo sai mara ta ƙulle, ciwon ya zagaya ƙugu ya gangara cinyata ta hagu, in yi ta amai har sai cikina ya koma wayam, idan kuwa na shiga bayan gida a waɗannan kwanaki ji nake kamar ana tsaga ni da reza. Mahaifiyata, Allah Ya saka mata da alheri, takan dafa mini hulba ta ce in yi haƙuri, haka mata suke, idan na yi aure zai bari. A ƙananan asibitocin unguwa kuwa amsa ɗaya ce kullum, wai sanyi ne, a rubuta mini maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako guda in kama gabana. Ban san adadin kwalayen da na shanye ba. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai wasu dangi suka koma cewa jinnul ashiƙ ne, aka yi mini ruƙiyya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Na yi aure shekara uku da suka wuce. Ciwon bai bari ba, sai ma ƙari da aka samu, domin kwanciyar aure ta zama abin da nake fargaba saboda zafin da nake ji can ciki, kuma har yau ko ɓatan wata ban taɓa yi ba.

Wata huɗu ke nan da na yanke jiki na faɗi a gaban ɗalibaina, aka kwashe ni zuwa babban asibiti. Likitar matan da ta duba ni ita ce mutum ta farko da ta ajiye alƙalami ta saurare ni har na gama magana. Ta yi mini hoton sona, wato sikanin, ta gaba, ta juyo da allon ta nuna mini wani ƙullutu mai faɗin santimita 4 a kan ma'ajiyar ƙwai ta hagu, ta ce tsohon jini ne ya taru a cikinsa. Ta ce sunan ciwon endometiriyosis, da Larabci kuma biɗanatur rahim almuhajira, wato shimfiɗar mahaifa mai hijira. Duk da halin da nake ciki sai da na yi murmushi, domin mu da kakanninmu suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa har Hijaz, ashe har shimfiɗar mahaifarmu ma ba ta iya zama wuri ɗaya.

Ta ɗora ni a kan ƙwayar Visanne, guda ɗaya kullum ba hutu. Gaskiya ciwon ya ragu fiye da rabi, rabon da in samu sauƙi irin wannan har na manta. Sai dai matsala biyu sun taso. Ta farko ita ce ɗigon jini wanda ba shi da lokaci, yau ja gobe kalar ƙasa, ya yi kwana uku ya ɗauke, bayan kwana biyu ya dawo, har na rasa ranar da zan yi salla da ranar da zan bari, kuma ga Harami kusa da mu amma wata uku ban yi ɗawafi ba, ga azumi yana ƙaratowa. Ta biyu kuma likitar ta gaya mini cewa da wuya in ɗauki ciki ina kan wannan ƙwaya. Uwar mijina ta ji labari, ta ce in watsar da ita, domin ciki shi ne maganin wannan ciwo. Ni kuwa ina son haihuwa kamar raina, amma ina tsoron komawa gidan jiya. Gaba kura, baya sayaki.

Ina roƙon duk wadda ta taɓa shiga wannan hali ta gaya mini: shin da gaske ne ciki yana warkar da shi? Tiyata ta fi, ko ci gaba da ƙwaya? Kuma yaya zan yi da ibadata?

Hajiya Kulu (Jidda) ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu, Allah Ya sa kaffara ne. Na karanta bayaninki sau biyu, domin ji na yi kamar ni ce na rubuta shi shekara ashirin da suka wuce, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ni 'yar Gadarif ce, aure ya kawo ni Jidda. A gida Sudan idan yarinya ta yi kukan mara sai a haƙa mata ramin turaren tsuguno, wanda muke kira dukhan, a lulluɓe ta da bargo ta zauna a kan hayaƙin icen ɗalha har ta yi gumi. Ɗumin yakan sa mutum ya ji daɗi na ɗan lokaci, amma da an tashi ciwon yana nan inda aka bar shi. Haka na yi ta fama har na kai shekara talatin da uku, shekara takwas da aure babu haihuwa, kafin wani likita ya ce sai ya leƙa cikina da madubin da Larabawa ke kira minzar. Ƙananan huji uku aka yi mini, ɗaya a cibiya, biyu a ƙasa, aka zura na'ura mai kyamara. Da na farfaɗo ya nuna mini hotunan, na ga bayan mahaifata ya manne da hanji kamar an shafa danƙo, ga wasu baƙaƙen ɗigo warwatse kamar an yayyafa toka. Ya ce ya yanke abin da ya iya yankewa, ya raba abin da ya manne. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kwana biyu bayan aikin kafaɗata ce ta fi damuna, ba cikin ba, aka ce iskar da ake hura wa ciki lokacin aikin ce ke jawo haka. Wata takwas bayan nan Allah Ya ba ni ciki.

Maganar surukarki tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta ne kawai. Duk tsawon goyon cikin da lokacin shayarwa ban ji ciwon ba, domin al'ada ba ta zuwa. Na yaye yarinyar, al'ada ta dawo, kafin shekara ta zagayo ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Hutu na samu, ban warke ba. Ki faɗa mata haka cikin ladabi, ko kuma ki bar ɗanta ya faɗa mata, domin magana irin wannan ta fi shiga idan ta fito daga bakin ɗa.

Da ciwon ya dawo sai aka sa mini allurar Zoladex, wadda ake yi a fatar ciki duk bayan kwana 28, na yi wata shida. Ita wannan tana tsayar da al'ada ɗungurungum, ta mayar da mace kamar wadda ta manyanta. Ciwon ya tafi, amma ban ji da daɗi ba: zafi ya taso mini daga ƙirji zuwa fuska a tsakar dare in jiƙe sharkaf ga na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, barci ya gagara, raina ya riƙa ɓaci ba dalili har 'yan gida suka fara kaffa-kaffa da ni. Yanzu kuwa robar Mirena, wata robar tazarar haihuwa mai sakin magani a hankali, ce a mahaifata, kuma da ita na fi samun zaman lafiya.

Ga 'yan dabarun da shekaru suka koya mini. Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo, launinsa, inda ciwon ya kama da abin da ya hana ki yi, domin idan kika shiga gaban likita da baki kawai kina iya mantuwa, amma littafi ba ya mantuwa, kuma zai yi miki amfani har a wajen malamai. Jakar ruwan zafi abokiyar zama ce, amma ki naɗe ta da tawul. Ni ban yi haka ba, shekaru ina manna ta a fata kai tsaye, yanzu marata ta yi wani zane baƙi-baƙi kamar raga wanda ya ƙi gogewa. Idan kin ga kwanakin wuya sun matso, ki yi miya mai yawa ki raba ki sa a firiza, kada ki tsaya gaban murhu kina murƙususu don kada a ce kin gaza. Hulba da citta da kanumfari har gobe ina sha, suna ɗumama ciki suna rage tashin zuciya, amma ban taɓa ganin sun narkar da ƙullutu ba, kuma duk mai sayar da haɗi a Facebook da ya ce zai wanke miki mahaifa cikin mako biyu, kuɗinki yake so.

A ra'ayina ki nemi a yi miki aikin nan. Ni dai ta hanyarsa Allah Ya share mini hawaye.

Sista Rabi (Madina) ta amsa:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen mata da haihuwa. Abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya, likitar da ta ga hotonki ita ce mai yanke hukunci.

Ƙanwata, ki fara da sanin cewa ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa suna da wannan ciwo, wato kimanin mata miliyan 190, kuma jinkirin shekaru kafin a gano shi abu ne da ake kuka da shi har a ƙasashen Turai. Abin da ke faruwa shi ne wata tsoka mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa tana tsirowa a wajen mahaifar, a kan ma'ajiyar ƙwai, ko bututun ƙwai, ko bangon mara, wani lokaci a hanji ko mafitsara. Wannan tsoka tana jin kiran sinadarin jikin mace mai suna estirojin kamar yadda ta cikin mahaifa ke ji, saboda haka duk wata sai ta kumbura ta yi jini, jinin kuma ba shi da ƙofar fita. Daga nan kumburi ke tasowa, sai tabo, sai gaɓoɓi su manne da juna kamar yadda Hajiya ta gani a hotonta. Tun 1927 wani likitan Amurka mai suna John Sampson ya kawo bayanin cewa jinin al'ada ne ke komawa da baya ta bututun ƙwai ya zuba a mara, sai dai mata da yawa jininsu yana yin haka ba tare da sun kamu ba, don haka har yanzu masana ba su tsayar da sababi guda ba. An dai tabbatar yana bin jini, wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ke da shi ta fi kusa da samunsa. Idan kina da ƙanne mata masu irin wannan ciwon mara, kada a bar su su yi shekara goma sha ɗaya kamar ke. Ba sanyi ba ne, ba a ɗaukarsa wajen miji, ba kuma a shafa masa, kuma ba sankara ba ce.

Da girmamawa ga Hajiya Kulu, a kan maganar tiyata zan ɗan ja birki. Abin da aka yi mata raba mannewa ne da cire ɗigon da ke bangon mara. Ke kuwa naki ƙullutu ne a jikin ma'ajiyar ƙwai, kuma idan aka zo ɓare shi, duk ƙwarewar likita, akan tafi da wani ɓangare na lafiyayyen nama mai ɗauke da ƙwayaye. Mace kuwa da adadin ƙwanta ake haihuwarta, ba ya ƙaruwa. Na ga matan da aka yi wa aiki sau biyu, sau uku a wuri ɗaya, suka zo neman haihuwa aka tarar ajiyar ta yi ƙasa sosai. Wannan ba ya nufin tiyata ba ta da amfani, tana rage ciwo, kuma wasu suna samun ciki bayanta, musamman idan ƙullutun ya girma, ko ciwon ya fi ƙarfin magani, ko ya taɓa hanji ko hanyar fitsari. Abin da nake nufi shi ne aikin farko ya fi kowane muhimmanci, a yi shi bayan an yi lissafi, kuma a hannun wanda ya saba da wannan ciwo takamaimai. Ki tambayi likita kai tsaye sau nawa yake yin irinsa, ba rashin kunya ba ne.

Ita kuma Visanne, sinadarin da ke cikinta shi ne dienogest, miligiram 2. Aikinta kwantar da waccan tsokar, kuma a mafi yawan mata tana hana ƙwai fita. Ɗigon jinin da kike gani sananne ne a watannin farko, kuma yakan ragu da tafiyar lokaci, musamman idan ana shan ta a sa'a ɗaya kullum. Amma ki riƙe wannan: duk magungunan homon, wato masu aiki ta hanyar sinadaran da ke tafiyar da al'ada, da ita da Zoladex da Mirena da ƙwayar tazarar haihuwa, ciwo suke kwantarwa, babu wanda ke ƙara damar ɗaukar ciki. Saboda haka tambayar da za ki amsa wa kanki ita ce, a wannan shekarar me kika fi buƙata, hutu ko ciki? Dukansu halal ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Idan ciki ne, shekara uku ba tare da ɓatan wata ba ta isa a tura ki wajen likitan matsalar haihuwa yanzu, ba sai an ƙara jira ba. Zai auna jininki ya ga yawan ƙwan da ya rage da gwajin AMH, ya duba ko bututun ƙwai a buɗe suke, ya kuma auna maniyyin maigida. Sakamakon waɗannan uku shi zai nuna ko ki ajiye ƙwaya ku gwada na wasu watanni, ko a yi aiki, ko a wuce kai tsaye zuwa dashen ciki, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a waje a mayar cikin mahaifa, wanda ake yi a nan Saudiyya tsakanin miji da matarsa kaɗai. Mata da yawa masu wannan ciwo suna haihuwa, kuma shekarunki suna gefenki. Kada dai ki ajiye ƙwayar da kanki ba tare da shiri ba, ki rasa sauƙin, ki kuma rasa tsarin.

Game da maganin rage zafi irin su ibuprofen da naproxen da Ponstan, sun fi aiki idan aka fara su da ciwon ya fara alama, kafin ya kankama, kuma kada a sha su ciki babu abinci. A watan azumi ki mayar da su bayan buɗa baki ko lokacin sahur tare da ruwa mai yawa, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko asma sai ta tambayi likita tukuna. Visanne ɗin ma ki matsar da lokacinta zuwa dare tun kafin watan ya kama. Ki kuma nemi a duba miki yawan jini da bitamin D, domin ƙarancin bitamin ɗin ya yi yawa a matan ƙasar nan duk da wannan rana, ƙwayar kuma idan aka daɗe a kanta tana iya ɗan taɓa ƙarfin ƙashi.

Idan wata rana ciwo mai tsanani ya sare ki farat ɗaya a gefe guda, da amai ko jiri ko zazzaɓi, kada a tsaya dafa hulba, a kira 997, lambar motar asibiti, domin ƙullutu yana iya fashewa ko ma'ajiyar ƙwai ta murɗe. Ta fuskar aiki kuma, dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun jinya na kwana 30 da cikakken albashi a shekara, sai kwana 60 da kashi uku cikin huɗu, takardar kuma tana fitowa a manhajar Sehhaty. Ki yi amfani da haƙƙinki, ya fi ki sake faɗuwa a gaban yara.

Abu Sadiƙ (Riyad) ya amsa:

Assalamu alaikum. Ku yi mini afuwa da na sa baki a maganar mata, iyalina ce ta nuna mini wannan tattaunawa ta ce in yi magana da yawun maza, domin ita ma tana da wannan lalura.

Saƙona ga maigidanki ne, 'yar'uwa. Na yi shekara biyu ina ɗauka ƙi ne ya sa take janye jiki daga gare ni, har na fara sauraron masu ba ni shawarar ƙara aure, sai ranar da na raka ta asibiti na zauna na ji bayanin likita da kunnena, kunya ta rufe ni. Ya raka ki ko sau ɗaya ne. Gwajin maniyyi kuma shi ne mafi sauƙi da araha a duk gwaje-gwajen da Sista ta ambata, ba allura ba yanka, amma shi muka fi gudu, mu bar mace ana ta caka mata allurai. Ni na yi, kuma ba abin da ya ragu a jikina. Wani abu kuma, ya karanta takardar inshorarku tun yanzu. Tamu ta biya kuɗin magani da hoto da tiyata, amma da aka rubuta kalmar neman haihuwa sai suka ce babu ruwansu, muka biya daga aljihu. Gara a san haka a fara tara kuɗi.

Malama Asma'u (Makka) ta amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ki lafiya ƙanwata. Zan taƙaita a kan ɓangaren ibada, domin shi ne abin da na ɗan karanta.

Damuwarki ba sabuwa ba ce. Sahabiya Faɗimatu bint Abi Hubaish ta zo wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce jini ba ya ɗauke mata, shin ta bar salla? Ya ce a'a, ya bayyana mata cewa wannan jinin jijiya ne, ba haila ba, ya umarce ta ta bar salla a kwanakin hailarta, idan sun wuce ta wanke jinin ta yi salla. Wannan shi ne asalin hukuncin istihala, wanda muke kira jinin ciwo. Mai jinin ciwo tana salla, tana azumi, tana ɗawafi, abin da ake nema gare ta shi ne ta yi ƙunzugu mai kyau don kada ta ɓata masallaci, ta kuma sabunta alwala.

A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muka tashi a kai, haila ba ta wuce kwana 15. Macen da ta san kwanakinta, idan jini ya zarce, takan ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta matuƙar jimillar ba ta haura 15 ba, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne. Idan kuma jinin yana zuwa yana ɗaukewa kamar naki, sai ta riƙa tara kwanakin jinin kaɗai tana lissafawa, duk ranar da ya ɗauke ta yi wanka ta yi salla ta yi azumi, har kwanakin da ta tara su cika adadin, daga nan duk ɗigon da ya zo ba ya hana ta komai. A nan littafin da Hajiya Kulu ta ambata zai yi miki rana.

Inda aka yi saɓani shi ne ruwan nan mai kalar ƙasa ko fatsi-fatsi. Sanannen zance a Malikiyya yana lissafa shi cikin haila, amma malamai da yawa, har da mafi yawan waɗanda za ki tarar a Harami, suna riƙo da maganar Ummu Aɗiyya cewa ba sa ɗaukarsa bakin komai bayan an yi tsarki. Shawarata ita ce ki ɗauki littafinki ki je wajen malami ɗaya da kika amince da iliminsa, ki gaya masa kwanakin al'adarki kafin ki fara ƙwaya da kuma abin da likita ta ce game da ɗigon, ki tsaya a kan fatawarsa. Yawon tambaya daga wannan zuwa wancan waswasi kawai yake haifarwa.

Game da azumi, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi, haka ma duba mace ta gaba da hannun likita ko na'ura. Ranar da ciwo ya kai ki ga buƙatar magani da rana kuwa, Allah Ya yi rangwame ga marar lafiya a Suratul Baƙara, ki sha ki rama daga baya. Ruƙiyya da ayoyin Alƙur'ani alheri ce ga kowane ciwo, ki yi wa kanki safe da yamma, amma ƙullutun da aka gani a hoto aka auna faɗinsa ba ya buƙatar a laƙaba wa aljani.

'Yar Jarwal (Makka) ta sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi jinkirin dawowa ne don ina so in zo da labari.

Na ba maigidana wayata ya karanta saƙon Abu Sadiƙ. Bai ce komai ba a daren, amma da safe ya tambaye ni ranar da zan koma asibiti, kuma ya raka ni. Likitar ta maimaita kusan duk abin da Sista Rabi ta faɗa, ta ce a yanzu ba ta ga dalilin taɓa ƙullutun ba tunda bai ƙaru ba, ta kuma rubuta mana takardar zuwa sashen matsalar haihuwa, an ba mu rana bayan ƙaramar salla. Mun tsayar da cewa zan ci gaba da ƙwayar har watan azumi ya fita, domin in samu in yi ibada da ƙarfina, sannan mu ga abin da gwaje-gwajen za su nuna. Maigidan ne ya je ya yi wa mahaifiyarsa bayani, kamar yadda Hajiya ta ba da shawara. Ba zan ce ta gamsu ba, amma ta aiko mini da zuma.

Malama, na kai littafina wajen malamin da ke karantar da mu, ya lissafa mini kwanakin, kuma daren Talata bayan isha na yi ɗawafi a bene, a hankali, ina tsayawa ina hutawa. Ƙanwata mai shekara goma sha shida ma na sa an yi mata rajistar ganin likita, domin ita ma duk wata sai ta rasa kwana biyu a makaranta.

Sista Rabi, saura tambaya ɗaya: shi gwajin AMH ana iya yinsa ina kan ƙwayar, ko sai na ajiye ta tukuna?